Ba Ta Cikin Littafin Awo

Shekara bakwai kalandar nan ta yi a bangon shagon Yaya, kuma ba don duba kwanan wata ba. Wani kamfanin zare ne ya raba wa teloli, shafi goma sha biyu, kowane wata da hotonsa. Yaya ta yage sha ɗaya ta naɗe wa mutane ɗinki da su, ta bar guda. Hoton tsibiri ne: farin yashi, ruwa shuɗi har iya ganinka, bishiyoyin kwakwa sun sunkuya kamar suna neman abin da ya faɗi, ga wani jan kwalekwale ba kowa a ciki. Ba ɓoyayyen wuri ba ne. Duk wanda ya ɗan samu sukuni can yake kwasar iyalinsa, ya dawo ya ishi jama'a da hotuna. Awa ɗaya da rabi a jirgin sama, sannan a shiga jirgin ruwa. Yaya ta san hanyar fiye da wasu da suka je, alhali ko tafki mai faɗi ba ta taɓa tsayawa a bakinsa ba.

Ita ce babba a cikin su huɗu. Injiniya ke bi mata, sai Malama, sai Auta. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, kuma shekarar da ɓarin jikin Mama ya shanye, ba wanda ya zauna ya yi shawarar wa zai dawo gida. Kowa dai ya juyo ya dubi Yaya, ita kuma ta kwaso keken ɗinkinta ta sa a garejin gidan, ta mayar da shi shago. Akwai ƙofa daga shagon zuwa ɗakin Mama. Duk bayan awa biyu sai an juya tsohuwa don kada bayanta ya yi gyambo, sau ɗaya ta fuskanci taga, sau ɗaya ta fuskanci bango. In kuma tana son wani abu a tsakani, tana da cokali a hannunta mai lafiya, sai ta buga shi a ƙarfen gado. Shekara shida cokalin nan bai taɓa ƙara sau uku ba Yaya ba ta iso ba.

Wata Lahadi duk sun hallara cin abincin rana, Auta ya share murya ya ce an ƙara masa girma a wurin aiki, don haka zai kai dangi hutu, a zaɓi wuri. Nan falo ya kaure. Wannan ya ce nan, waccan ta ce can, yara suna ta tsalle a kan kujera. Yaya ta miƙe ta shiga shago, ta ɓamɓaro shafin kalandar, ta zo ta shimfiɗa shi a tsakiyar tebur tsakanin kwanuka.

"Ashe Yayarmu ma tana da buri," in ji Injiniya, yana sakace haƙori.

Aka yi dariya, ita ma ta taya su, don ranar ko zaginta aka yi ba za ta ji ba. Kafin a kwashe kwanuka an tsayar da magana: tsibirin za a je, kwana biyar, lokacin hutun makaranta.

Daga nan aikin ya koma inda aikin gidan yake komawa kullum. Auta ya ɗauki nauyi, amma tsarin na Yaya ne. Ita ta yi ta buga waya masauki har matar da ke ɗauka ta gane muryarta. Ita ta gano cewa gaɓar gabas ta fi kwanciyar ruwa, can ya dace da yara. Lokutan tashin jirgin ruwa da allin ɗinki ta rubuta su a gefen teburin yanka, ta hana kowa jingina a wurin. Ta tuna Malama ko a mota amai take yi, ta saya mata maganin jiri. Ba sai dare ya yi ba ma, da rana tsaka tana taka keke sai ta ji tana murmushi ita kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir yanzu.

Likita ya ce Mama ba za ta iya tafiyar ba, ko kusa. Wannan bai zo wa Yaya da mamaki ba, don tun kafin ya faɗa ta riga ta yi magana da wata nas da ta yi ritaya a bayan layinsu. Mako uku matar tana zuwa kullum tana koyon hannu: yadda ake tallabar kafaɗar da ta mutu, inda ake sa filo tsakanin gwiwoyi, irin ɗumin ruwan da Mama take so. Shafin kalandar kuwa Yaya ba ta mayar da shi shago ba. Ta manna shi a bangon ɗakin Mama, daidai inda idonta yake sauka in an juya ta.

"Ki riƙa kallo, Mama, kamar da ke za a je. Zan tsinto miki ƙwansunan dodon koɗi a bakin ruwa."

Mama ta daɗe tana kallon hoton. Bakinta ya karkace tun ciwon, amma harshen ko gezau bai yi ba. Ta ce, "Ruwa ne dai."

Matar Auta ce ta kawo shawarar a yi kaya iri ɗaya saboda hoto a bakin teku. Irin matan nan ce da ba sa cin abinci sai sun ɗauke shi a waya. Ta sayo yadi ruwan toka mai haske da ratsin shuɗi, ta dire a shago, ta ce ta san hannun Yaya, ba sai ta yi bayani ba. Kwana biyu Yaya tana awo. Injiniya da matarsa da yara uku, Malama da mijinta da yara biyu, Auta da matarsa. Kowa ta rubuta shi a littafin awonta mai baƙin bango, suna a sama, a ƙasa kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsayi. Injiniya ya shanye tumbi lokacin da tef ya zagayo, ta ƙara masa inci biyu ba ta gaya masa ba.

Kanta ne kawai ba ta rubuta ba. Shekara talatin tana ɗinki, littafi ya kai ashirin ta cika, babu shafi ɗaya da sunanta. Me za ta rubuta? Ta san jikinta, in ta ɗora yadi a tebur almakashi ne yake bin hanyarsa.

Ana cikin haka Auta ya leƙo shago da mukullin mota a yatsa, yana sauri kamar kullum.

"Yaya, ba ni littafin nan naki. Kowa yana ciki ai, in tura wa mai yanka mana tikiti kada in manta wani."

Fil ne cike a bakinta, sai ta nuna masa da haɓa. Ya buɗe, ya ɗauki hoton shafukan da waya, ya shiga ya gai da Mama, ya ɗan jima a ciki, ya fito ya wuce.

Riguna goma sha biyu ta ɗinka. Tata ta bari ƙarshe, ta zauna mata da natsuwa ranar da ba kowa a shago. Doguwa ce mai sakin jiki, ta yi mata aljihu biyu masu zurfi a gefe, saboda ƙwansunan da ta yi wa Mama alkawari. Da ta gama ta sa ta tsaya gaban madubin da masu ɗinki suke tsayawa. Ta ga furfura, ta ga kafaɗar da ta ranƙwafa saboda keke da ɗaga tsohuwa, amma ta ga rigar ta karɓe ta. Kunya ta kama ta ita kaɗai, ta cire da sauri ta goge ta rataye a bayan sauran.

Saura kwana huɗu tafiya aka taru gwajin kaya. Falo ya cika da ruwan toka da shuɗi, kowa yana juyi yana yaba kansa. Ƙanwar matar Auta ma ta zo, wata 'yar siririya mai dogayen farata da kyamara rataye a wuya. Yaya ta ɗauka rakiya ta yi, har ta kawo mata ruwan sanyi.

Auta ya tsaya a tsakiya da ambulan-ambulan na tikiti a hannu. Ba ya iya ba ka abu shiru, sai ya mai da shi taro. Ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya kamar ranar ba da kyauta a makaranta, yara suna tafi. Yaya tana durƙushe tana kama wa ƙaramar 'yar Malama kalmasa, tana ƙirgawa a zuci. Da ya kira na sha ɗaya, ta zare fil daga bakinta, ta goge tafinta a zani, ta miƙe.

Auta ya miƙa wa ƙanwar matarsa ambulan ta ƙarshe.

Hannun Yaya yana nan a miƙe, kowa ya gani. Ba ta san yadda za ta mayar da shi ba, sai ta kai shi kan ɗankwalinta kamar gyarawa take.

"Nawa fa?" ta ce. Muryar ta fito ƙarama, kamar ba tata ba.

Auta ya sosa ƙeya. "Naki? Yaya, ai ba ki cikin littafin. Sha ɗaya na gani. Na ɗauka kin fasa ne saboda Mama. Ɗakunan kuma na mutum sha biyu ne, shi ne muka ce ƙanwarta ta cike, tunda ta iya hoto."

"Ni na kama ɗakunan. Ni na ce sha biyu."

Injiniya ya ciro waya ya shiga duba wani abu mai muhimmanci ƙwarai. Matarsa ta tuna tana da magana da yaranta a waje. Yaya ta dubi Malama, wadda ta goya a bayanta har makarantar firamare, tana jira ta ce wani abu.

Malama ta gyara wuyan sabuwar rigarta ta ce, "Ni wallahi gani nake alheri ne. Dama hankalina bai kwanta da barin Mama a hannun bare ba. Yanzu kowa zai tafi da kwanciyar rai."

"A ƙara kujera ɗaya mana," in ji Yaya. Ta tsani kanta da ta ji tana roƙo a gaban yara.

"Jirgin ya cika tun makon jiya," Auta ya ce, idonsa a kan takalminsa. "Lokacin hutu ne. Wata shekarar, Yaya, ke za a fara rubutawa."

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma matar Auta ta riga ta leƙa shago ta ga riga ta sha biyu a rataye, sai ga ta da ita a hannu tana ɗagawa sama.

"Yaya, tunda an riga an ɗinka, kada ta tashi a banza. Ki ɗan rage mata ita mana. In ba haka ba ita kaɗai za ta fita daban a hoto."

Ko a jikinta ta faɗa, kamar mai neman aron tsintsiya. Abin da ya fi ci wa Yaya rai daga baya shi ne ƙafafunta da suka tafi da kansu suka ɗauko tef. Ta auna yarinyar a tsakiyar falo, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, tsayi. Ta buɗe baƙin littafin ta rubuta ta a shafi na sha biyu.

"Anti, aljihun nan a cire su," in ji mai kyamara, tana jan su da farce. "Suna ƙara wa mutum faɗi."

Ƙarfe huɗu cokali ya buga. Yaya ta ajiye tef ta shiga. A ɗakin Mama ne kawai ta ji ƙirjinta ya ɗan saki, don a nan ta san abin da za ta yi da hannayenta. Ta janye bargo, ta zuba mai a tafi ta murza ya yi ɗumi, ta fara shafa bayan. Tana shafawa tana ba da labarin, tana ƙoƙarin mai da shi abin dariya.

"Kin ji wautata, Mama. Na rubuta kowa na manta kaina. Auta ya bi littafi, yanzu babu kujerata. Laifina ne, wa ya aike ni in ba shi littafin awo."

Mama tana fuskantar taga. Ba ta juyo da ido ba.

"Ba littafi ba ne," ta ce. "Ranar da ya ɗauki hoton ya shigo nan ya ce ba ki ciki, bari ya ƙara ki. Ni na ce ya bar shi yadda ya gan shi."

Hannun Yaya ya tsaya a kan kafaɗar da ta mutu.

"Matar nan da kika kawo hannunta sanyi gare shi, kuma jan mutum take kamar buhu. Kwana biyar? Gawata za ku tarar." Ta haɗiye yawu da ƙyar, Yaya ta goge mata gefen baki ba tare da ta san ta yi ba. "Na gaya wa Malama ma, da Injiniya. Duk sun ga gaskiyata. Su suna da waɗanda za su nuna wa ruwan. Ke wa za ki nuna wa? Miji gare ki, ko ɗa? Tsayawa za ki yi a gefe kina riƙe wa mutane takalma. Gara ki zauna inda kike da amfani."

Daga falo ana jin dariya, mai kyamara tana gwada jera yara. Wato duk sun sani. Mako uku suna kallonta tana koya wa nas inda ake sa filo, suna karɓar maganin jiri daga hannunta, suna tsayawa tana gwada musu kaya.

"Kin tsaya," in ji Mama. "Man zai huce."

Yaya ta ci gaba da shafawa. Ta tallabi kafaɗa, ta juya ta bango, ta sa filo.

Washegari ta farke rigar. Ta cire aljihun biyu, ta rage inci shida a ƙugu, ta ɗage tsayi. Ɗinki ya fita tsaf, don ko tana so ba ta iya mugun ɗinki ba. Ta aika wa nas cewa an fasa. Ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ta goge lokutan jirgin ruwa daga gefen tebur. Ranar tafiya suka shigo layi-layi suka yi wa Mama sallama, kowa ya ce wa Yaya sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Malama har da rungume ta. Injiniya ya tambaye ta, tunda ita ta san wurin, gaɓar gabas ta ce ko ta yamma.

"Gabas," ta ce.

Kwana ɗaya da tafiyarsu, wajen goma saura na safe, wayarta ta yi ƙara. Hoto ne. Su goma sha biyu a kan farin yashi, an dasa kyamarar a kan wani abu ta ɗauka da kanta, ruwan ya fi na kalanda shuɗi. A can gefen dama mai dogayen farata tana tsaye, iska tana kaɗa rigar. A ƙasa matar Auta ta rubuta: "Yaya, kowa tambaya yake wa ya yi mana ɗinki!"

Ta kife wayar a kan teburin yanka. Ƙarfe goma ta shiga ɗakin Mama. Ba ta rage komai ba. Ta ɗumama mai, ta shafa baya da ƙugu da dunduniya, ta canja zanen gado, ta tallabi kafaɗa a hankali ta juya ta bango, ta gyara filo tsakanin gwiwoyi, ta sa mata cokalinta a hannu mai lafiya. Sannan ta miƙa hannu ta saman tsohuwar ta ɓamɓare shafin kalandar. Ya bar tabon gam huɗu a jikin fenti.

"Ina za ki kai?" in ji Mama.

"Takardar naɗi ta ƙare."

"To ni me zan kalla?"

"Awa biyu ne, Mama."

A shago akwai wata mata tana jiran wandon ɗanta da aka sa wa zif. Yaya ta naɗe shi a cikin hoton, yashin ta ciki, ta miƙa mata. Matar ta cusa a jaka ta fita.

Ta zauna a kan keke ta ɗora ƙafa. Cokali ya buga sau ɗaya. Ya buga na biyu, ya buga na uku. Yaya ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, goma da kwata. Ta jawo yadi ƙarƙashin allura ta taka, ƙarar keken ta cika garejin.